Rakiyar Mai Awo

Ranar Talata ce, ƙarfe goma saura kwata na safe, a mako na shida bayan an haɗe kamfanin jiragen saman da na yi wa aiki da wani wanda ya fi shi girma. Mu uku ne a ofishina. Akwai ni, shugaban ofishin Zariya. Akwai Hajiya mai sayar da tikiti, wadda ta shigo da fayil ta ƙi fita. Sai sabon manajan shiyya, wanda ya taso daga Kaduna ba tare da ya sanar da kowa ba. Shi ne ya ajiye wata takarda a kan teburina, ya ce in sa hannu a ƙasa, domin ranar Alhamis Baba mai awo zai ajiye aiki.

Na karanta ta sau biyu, na juya bayanta na duba, kamar yadda aka hore mu a makarantar mishan. Takardar shaidar aiki ce mai ƙyalli, da tambarin sabon kamfani a samanta. Ta ce mai wannan suna ya yi wa kamfani aiki na kwana arba'in da huɗu, kuma kamfani yana godiya. Baba kuwa shekara talatin da ɗaya ya yi yana auna kayan fasinjoji a bakin ƙofar wannan ofis.

Ya kamata in faɗi irin wurin da nake magana a kansa, don kada mai karatu ya zaci wani katafaren gini ne. Jiragenmu ba sa sauka a Zariya. Abin da muke da shi ɗaki uku ne da rumfa, ɗan nesa kaɗan da ganuwa, inda mutanen birni da na Tudun Wada da na Samaru suke sayen tikiti, a auna musu kaya a ɗaura musu alama, sannan bas ɗin kamfani ta kai su filin jirgi. Mu tara ne kafin haɗewa. Kowa ya san gidan kowa, kuma babu wanda bai taɓa zama a zauren ɗan'uwansa ba, ko don suna ko don gaisuwar mutuwa.

Tun kafin zamanina akwai abin da ake yi a ofishin idan ma'aikaci ya kai ƙarshen aikinsa lafiya. Rakiya muke kiransa. Ranar ƙarshe, da rana, a cikin lokacin aiki, sai a ba mutumin mabuɗin ofis ya kulle ƙofa da hannunsa. Ya shige gaba, mu bi shi a ƙafa, kowa cikin yunifom, har ƙofar gidansa. A can an riga an shimfiɗa tabarmi, mai unguwa da liman da maƙwabta suna zaune. Shugaban ofis ya miƙe ya karanta takarda mai ɗauke da shekarun da mutumin ya yi, da aikin da ya riƙe, da shaidar cewa ya bar shi babu tabo. Daga nan a nemi gafarar juna, ya mayar da mabuɗi, a shafa fatiha, mu koma bakin aiki. Duka bai cika awa biyu ba.

Wanda bai zauna cikin birni ba zai ɗauka biki ne, alhali shaida ce. A unguwanninmu katanga ɗaya ce tsakanin gida da gida. Mutumin da ya shekara talatin yana fita da sassafe cikin yunifom, idan aka wayi gari aka gan shi zaune a kan dakali da hantsi, ba wanda zai tambaye shi dalili, juna za a tambaya. A wannan lokacin kuwa kowa ya ji cewa sabon kamfani yana sallamar ma'aikata, har ana raɗe-raɗin cewa an fara da waɗanda aka kama da rashin gaskiya. Baba ɗan gidan ma'auna ne a Ƙofar Kibo. Kakansa da ubansa hatsi suka auna a kasuwa, ƙannensa biyu har yau suna zaune bayan buhuna da mudu a hannu. Gidan da abincinsu da mutuncinsu duka suka rataya a kan awo, idan aka ce an kori ɗansu daga bakin sikeli, ba sai an yi wa kowa fassara ba.

Ba zan ce ni da Baba aminai ba ne. Sau biyu na ba shi takardar gargaɗi, ɗaya saboda lattin minti goma sha biyu, ɗaya saboda ya bar maɓallin wuyan rigarsa a buɗe gaban fasinjoji, kuma da za a maimaita zan sake ba shi. Mutum ne mai surutu, mai cin goro a bakin aiki da zarar ya ga na juya baya. Amma kowace safiya, kafin ya taɓa jakar kowa, sai ya ɗora ƙarfen gwaji na kilo goma a kan sikeli ya duba allura. Shekara goma sha tara ina tsayawa a kansa ina gani, ban taɓa ganin ya tsallake ba. Na sha ganin manyan mutane sun miƙa masa hannu a dunƙule don ya kau da ido daga kilo biyar, ya mayar musu da hannun yana dariya yana cewa shi ya ji, amma sikelin ba ya jin Hausa.

Makonni shidan da suka biyo bayan haɗewar sun fi duk shekarun aikina nauyi, ko da yake aikin kansa bai ƙaru ba. An karɓe katunanmu aka ba mu sababbi da sababbin lambobi. An kwashe takardun tsohon kamfani masu tambari a cikin kwali, aka liƙa manyan hotuna a bango masu cewa yanzu mu iyali ɗaya ne. Kowace Litinin sai mu jeru gaban kwamfuta a yi mitin da hedkwata, inda ake son kowa ya faɗi abu ɗaya da ya faranta masa rai a makon. Aka turo mana fom na auna farin cikin ma'aikata, mai fuskoki biyar, daga mai kuka zuwa mai dariya. Hajiya ta ce ta zaɓi ta tsakiya ce domin ita ta fi kama da fuskar maigidanta ranar da gishiri ya yi yawa a miya. A ƙarƙashin duk wannan kuma akwai maganar da ba a faɗa a mitin, wato jerin sunayen waɗanda za a sallama, wanda kowa ya san ana rubuta shi, ba wanda ya san yaushe zai fito.

Na ga abin da wannan ya yi wa mutane. A da da azahar tire ɗaya ake sa wa hannu a ƙarƙashin rumfa. Sai aka koma kowa yana ci a teburinsa, ido a kan waya. Gaisuwar safe da takan kai har ga tambayar yara da masu jiki ta koma kalma biyu. Direbanmu, wanda a da yake goge bas har ƙarƙashin kujeru, ya fara wanke gefen da ke kallon tagata kaɗai. Na zagaya na gani, na sa ya wanke ɗaya gefen, ya wanke. An kuma turo mana mutum guda daga ɗaya kamfanin don ya kula da sabuwar kwamfuta, ɗan kudu, dattijo mai natsuwa, muka zama goma. Bai yi wa kowa laifi ba, amma da ya shigo ɗaki sai hira ta mutu.

Shi kuwa manajan shiyya ba baƙo ba ne. Ɗan birni ne, gidansu bai da nisa da namu a Limancin Kona, na kuma san mahaifinsa. A zuwansa na farko ya ce mu daina ce masa yallaɓai, mu kira shi da sunansa, sannan ya juya ya kira Baba da sunan yanka, haka gatsau. Baba ya waiwaya baya yana neman yaron da ake kira. Ba rashin tarbiyya ba ne, domin na san gidan da ya fito. An koya masa ne a wani kwas cewa haka ake rushe shinge tsakanin manya da ƙanana, shi kuma mutum ne mai aiki da abin da aka koya masa. A wannan ɗaya muna kama da juna.

To, wannan ne mutumin da ya zauna gabana ranar Talatar. Na ce masa ba zan sa hannu ba, domin abin da ke cikin takardar ba gaskiya ba ne. Ya yi murmushi ya bayyana mini, cikin Hausar da ya cakuɗa da Turanci, cewa ba ƙarya ba ce, tsari ne. Tsohon kamfani ya daina wanzuwa a doka, kwamfuta ta fara ƙirga kowa daga ranar haɗewa, haƙƙin Baba na tsofaffin shekarunsa kuma wani sashe ne yake kula da shi, ba za a taɓa shi ba. Na yarda da wannan na ƙarshe, daga baya ma ya tabbata. Sai dai ba shi ne abin da nake magana a kai ba.

"Malam, takarda ce kawai," ya ce. "Ba wanda zai karanta ta."

"Ni zan karanta," na ce, "da ƙarfi, a ƙofar gidansa, gaban liman."

Sai ya gyara zama ya ce wannan shi ne abu na biyu da ya kawo shi. Ya ji labarin rakiya, kuma ba za a yi ba. Akwai umarni daga hedkwata cewa ba ofishin da zai rufe a lokacin aiki. A maimakon haka kamfani zai sayi kek da lemo, a taru ƙarfe biyar bayan an tashi, a ɗauki hoto a saka a mujallar ma'aikata. Idan kuma mun nace, mu raka shi ranar Lahadi cikin kayan gida, a matsayin abokai.

Hajiya, wadda har lokacin take tsaye da fayil ɗinta, ta ce, "Yallaɓai, shi kek ɗin, kwana arba'in da huɗu za a rubuta a kansa, ko shi an bar masa shekarunsa?"

Bai yi dariya ba. Ya nemi ta ba mu wuri, ta fita a hankali kamar mai tsoron fasa ƙwai. Da ya rage mu biyu, ya sassauta murya ya ce yanzu a matsayin ɗa yake magana. Saura wata goma sha huɗu in cika lokacina, jerin sunaye bai kammala ba, kada in sa kaina a ciki saboda tafiyar ƙafa. Na ce masa tunda a matsayin ɗa yake magana, ya san abin da mutanen Ƙofar Kibo za su ce idan suka ga abokan aikin mutum sun zo masa ranar hutu cikin kayan gida. Za su ce jaje aka zo yi masa. Rakiya ba ta da wata ma'ana sai idan an ga aiki ya tsaya saboda mutumin, da rana, gaban kowa. Ya ce ya sani, amma umarni umarni ne. Ya bar takardar a kan tebur ya tafi. Na sa ta a ambulan, na rubuta sunan ofishinsa a baya, na ba direba ya kai masa washegari.

Ranar Laraba da hantsi, bayan bas ta tashi, Baba ya shigo ofishina ya durƙusa daga bakin ƙofa, abin da na hana shi yi tun shekarar farko. Hajiya ta riga ta gaya masa komai.

"Ranka ya daɗe, ka bari," ya ce. "Ni na gama nawa, kai da saura. Zan shiga gida ta lungun baya, in ce jiki ne ya motsa, in kwanta kwana biyu. Magana za ta wuce."

Na ce ya tashi ya zauna a kujera. Na tambaye shi ko an sanar da mai unguwa. Ya sunkuyar da kai ya ce ƙannensa sun sanar tun watan jiya, an gaya wa liman, uwargida ma ta jiƙa geron kunu. Na ce to, ya dubi abin da yake roƙona: a shimfiɗa tabarmi a zauna, sannan a naɗe su ba wanda ya zo. Na gaya masa kuma, don kada ya ɗauki nauyin da ba nasa ba, cewa ba alfarma nake yi masa ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi, ni ne shugaban ofis, aikina ne in faɗa. Ya ce shi dai tsoro yake ji. Na ce ya je ya goge takalmansa, domin na lura tun Litinin ba su ga mai ba.

Sauran yinin a kan rubutu na ƙare shi. Na rubuta wa manajan shiyya wasiƙa cewa gobe Alhamis zan rufe ofis daga ƙarfe sha ɗaya zuwa ƙarfe ɗaya, na faɗi dalili, na ce na san umarnin hedkwata kuma da sanina zan saɓa masa. Ban ga amfanin yin abu a ɓoye ba, tunda abin da ake so shi ne a gani. Na duba littafi na ga fasinjoji huɗu ne aka yi da su za su zo karɓar tikiti a wannan lokaci, na kira su ɗaya bayan ɗaya muka sauya sa'a. Na rubuta sanarwar da za a liƙa a ƙofa. Sannan na rubuta umarni ga ma'aikata, da sa hannuna, cewa kowa ya fito rakiya cikin yunifom, na ba kowane mutum kwafinsa. Na yi haka ne don duk wanda aka tuhuma ya fito da takarda ya ce shugabansa ya bi.

Da na raba musu, ba wanda ya yi murna. Direba ya tambaya ko za a ɗauki hoto. Ƙaramin akawu ya ce gobe ne ranar kai ɗiyarsa asibiti. Na ce ya je, ba zan rubuta komai a kansa ba, kuma ban rubuta ba. Mai kula da kwamfuta ya jira kowa ya fita, sannan ya gaya mini cikin ladabi cewa an umarce shi ya riƙa kai rahoton duk abin da ya saɓa wa tsari, kuma zai kai. Na ce ya kyauta da ya faɗa, ya haɗa da kwafin umarnina, ya kuma tabbata ya rubuta sa'a daidai. Sai ya tambaya ko hanyar tana da taɓo, domin takalmin fata ɗaya gare shi.

Takardar shaidar ita na bari ƙarshe. Ba ni da ta tsohon kamfani, ba ni kuma da iznin amfani da tambarin sabo, saboda haka farar takarda na ɗauka. Na ja layuka da fensir, na rubuta da alƙalamin tawada, na bari ta bushe na goge layukan. Sau uku na rubuta ta. Ta farko tawada ta ɗiga, ta biyu kuma na ga wata kalma ta yabo da ba zan iya rantsuwa a kanta ba, na cire.

Ranar Alhamis an yi ruwa da safe, ya ɗauke wajen ƙarfe tara. Bas ta kai fasinjoji ta dawo ƙarfe goma daidai. Sha ɗaya saura minti biyar Baba ya ɗora ƙarfen gwaji a kan sikeli, ko da yake babu sauran kayan da zai auna, ya duba allura, ya sauke, ya lulluɓe sikelin da ƙyallensa. Na miƙa masa mabuɗi. Sai a karo na biyu ya sami ramin, ya kulle ƙofa. Mu tara muka tsaya a waje, har da mai kula da kwamfuta, wanda ya aika rahotonsa sannan ya naɗe ƙafar wandonsa. Na jera su biyu-biyu, na sa direba ya cusa rigarsa cikin wando, muka kama hanya.

Da muka shiga ƙofar gari sai masu keke mai ƙafa uku suka riƙa rage gudu suna ba mu hanya. Tsofaffin cikin birni sun san abin, domin sun ga irinsa a baya. Teloli suka dakatar da kekunansu, wani baduku ya ajiye fatar da yake ɗinki ya miƙe tsaye, ana ta cewa Allah ya sa albarka, Allah ya sa a huta lafiya. Baba da ya fito yana kallon ƙasa, kafin mu wuce lungu na uku ya ɗago kai yana amsa gaisuwa da hannu biyu, mabuɗin yana lilo a yatsansa. Taɓo ya ɓata mana takalma duka. Hajiya tana ta mita cewa da an san haka da sai a zaɓi wanda gidansa ke bakin kwalta ya yi ritaya.

A bakin lungun su Baba, inda mota ba ta iya shiga, muka tarar da motar manajan shiyya. Ya fito ya tare ni, fuskarsa a ɗaure, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada a ji.

"Malam, don Allah ka mayar da su. Har yanzu zan iya cewa ban ga wasiƙarka ba."

"Ka gan ta," na ce. "Ta ce ƙarfe ɗaya, kuma ƙarfe ɗaya za ka same mu a ofis."

Ban san abin da zai ce ba bayan wannan, domin bai samu damar faɗa ba. Ɗaya daga cikin ƙannen Baba, wanda ya fito tarbarmu, ya gane shi. Ya kama hannunsa da hannu biyu yana tambayar mahaifinsa da mutanen gida, sannan ya juya ya sanar da jama'a cewa babban manaja da kansa ya taso tun daga Kaduna saboda yayansa. Nan take aka buɗe masa hanya. Ɗan birni ne, ya san ba a fizge hannu daga hannun dattijo gaban mutane. Aka ja shi har ƙofar zaure, ya cire takalmi, aka zaunar da shi a kan darduma kusa da liman, aka ajiye masa kwanon kunu a gabansa.

Na miƙe na karanta takardata. Ga abin da ke cikinta, ban da suna:

"Ni, shugaban ofishin jiragen sama na Zariya, ina shaida da bakina da hannuna cewa wannan bawan Allah ya riƙe sikelin ofishinmu shekara talatin da ɗaya. Goma sha tara daga ciki a gaban idona ya yi su, sauran kuma na same su a rubuce daga waɗanda suka gabace ni. Ban taɓa samunsa ya tauye awo ko ya ƙara ba, ba a kuma taɓa kawo mini ƙararsa a kan haka ba. Yau ya ajiye aiki saboda shekarunsa sun cika. Ba korarsa aka yi ba."

Na bayyana wa jama'a cewa wannan shaidata ce ni kaɗai, ba ta kamfani ba, don kada a ce na ari bakin da ba a ba ni ba. Liman ya karɓi takardar ya duba, ya miƙa wa mai unguwa, ta zagaya hannun dattawa har ta kai ga ƙannen Baba. Daga cikin gida aka rangaɗa guɗa. Sannan na juya ga Baba na nemi gafararsa a kan duk wani kaushin murya da na yi masa ba bisa haƙƙi ba, na kuma ce takardun gargaɗi biyu ba sa cikin abin da nake neman gafara a kai.

"Na yafe, ranka ya daɗe," ya ce, "har da na maɓallin."

Aka yi dariya, har liman. Shi ma ya nemi gafararmu ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mini mabuɗi. Na zaci an gama, sai mai unguwa ya ce ba zai yiwu babban baƙo ya zo ya tafi bai ce komai ba. Manajan ya miƙe a hankali. Ya dube ni, ban taimake shi da komai ba. Ya ce shi mako shida kawai ya san Baba, amma ya saurari abin da aka karanta, bai ga abin da zai cire a ciki ba, Allah ya sa albarka. Ya zauna ya sha kununsa har ƙasa.

Ɗaya saura minti biyar na buɗe ofis. Mace ɗaya na tarar a kan benci tana jira, ta zo tambayar ranar tashin jirgi. Na ba ta haƙuri, Hajiya ta sallame ta.

Ba zan ce rakiyar ta gyara zukatan ma'aikata ba, domin ba ta gyara ba. Jerin sunaye yana nan yana jiransu, kuma sun san da haka. Abin da na gani kawai shi ne, da la'asar ɗin ranar an yi hira a ƙarƙashin rumfa ba a yi shiru ba da mai kula da kwamfuta ya zauna.

Washegari Juma'a takardar tuhuma ta iso, da sa hannun manajan shiyya. Ban riƙe shi a zuciya ba, aikinsa ya yi. Na amsa a shafi ɗaya, na ce duk abin da aka zarge ni da shi na aikata, na gyara musu sa'ar da suka rubuta ba daidai ba. Kwamitin hedkwata ya zauna da ni ta kwamfuta, mutum uku waɗanda ba su taɓa zuwa Zariya ba. Suka ce kamfani yana daraja al'adun ma'aikatansa ƙwarai, kuma idan na rubuta cewa na yi kuskure kuma ina nadama, za a tsaya a kan gargaɗi. Na ce ba zan iya sa hannu a wannan ba, bisa dalilin da ya hana ni sa hannu a takardar kwana arba'in da huɗu. Shugabar kwamitin ta tambaya ko akwai abin da zan canza da za a mayar da ni ranar. Na ce akwai. Sanarwar da na liƙa a ƙofa ɗigon rumfa ya jiƙa ta har tawada ta zube, shi ya sa baiwar Allah ta zauna jira ba ta san lokacin dawowarmu ba, kuma ya kamata a ce na sa ta a cikin leda.

An dakatar da ni ranar Litinin. Bayan mako biyar aka sallame ni, saura kusan wata goma sha uku in cika lokacina. Ba a tuhumi ko ɗaya daga cikin waɗanda suka bi ni ba. Baba yana nan a Ƙofar Kibo, kuma a unguwar an san ajiye aiki ya yi.